Fim ɗin Ingila da Wasiƙar da Ban Aika Ba

Shekarun baya, a shekarar da hutun mako a Saudiyya ya koma Juma'a da Asabar, ranar wata Juma'a da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, mun taru mu shida a ɗakin abokina da ke unguwar Utaiqa a Riyadh. Na ambaci minti goman ne domin ƙarfe huɗu aka ce mini, kuma ni kaɗai na zo ƙarfe huɗu. Akwai abokina mai ɗakin, wanda ke aiki a wani shagon dabino, akwai wani mai walda daga unguwar Gubaira, akwai leburori biyu 'yan Damagaram, akwai wani direba mutumin Maraɗi, sai ni.

A lokacin babu gidan sinima a ƙasar, saboda haka duk wanda ya samo fim yakan kawo a kalla a talabijin ɗin abokina. Ni ba mai son kallo ba ne. Ana gayyatata ne domin in yi tafinta. Mahaifina ya sa ni makarantar mishan tun ina ƙarami, inda aka koya mini Turanci da ja-layi da rula, kuma shekara ashirin da biyu na yi ina akawu a ofishin ma'aikata na wani kamfanin gine-gine a Riyadh, ina rubuta wasiƙu da Turanci da Larabci. Mutanenmu kan kawo mini matsalolinsu in rubuta musu, ba na karɓar komai. Sharaɗina ɗaya ne: a zo a kan lokaci, takardu a cike, a tsaftace.

Fim ɗin ranar na Ingila ne. Wani mutum ya sha ɗauri na shekaru a madadin maigidansa, maigidan kuwa ya ci amanarsa. Da ya fito sai ya tara abokai uku, suka shiga ofishin maigidan, suka huda akwatin ƙarfe. A ciki akwai zinariya jibge, amma ambulan ɗaya tak ya ɗauka ya fita. Na sha wuya wajen fassara, domin Turancin da suke yi ba wanda aka koya mini ba ne. Rabin kowace kalma haɗiye shi suke yi.

Da fim ya ƙare abokina ya zuba shayi, kowa ya fara faɗin ra'ayinsa.

Ɗaya daga cikin 'yan Damagaram ya ce, "Wannan ai wawa ne. Ka sha wahalar nan duka, ka bar zinariya ka ɗauki takarda?"

Ɗan'uwansa ya ce, "Ni abin da ya dame ni, awa biyu ba wanda ya ci abinci. Da me suke gudun?"

Mai walda ya girgiza kai. "Ƙarya ce tsagwaronta. Wannan ƙarfen ba ya huduwa cikin minti biyar. Bakin na'urar zai ƙone tun kafin ya yi rabi, sai ana zuba masa mai ana hutawa."

Abokina ya ce shi ramuwar ce ba ta kwanta masa ba, domin mutumin ya rama amma ya ƙare shi kaɗai kamar maye. Ni kuwa na bayyana musu cewa agogon bangon ofishin ya nuna ƙarfe huɗu, bayan minti ɗaya ya koma ƙarfe biyu, kuma wasiƙar da sufeton 'yan sanda ya karanta ba ta da kwanan wata. Kowa ya ci gaba da shan shayinsa. Na saba.

Direban Maraɗi ya jira sai da aka lafa. Sannan ya ce, "Baba Malam, don Allah a maido wurin akwatin nan."

Aka mayar. Ya matsa kusa da talabijin har gwiwarsa na taɓa teburin. Da wurin ya wuce ya ce a sake. Aka sake. Sau uku. Sai ya juya ga mai walda.

"To in na ƙaramin ohis ne, wanda bai kai wanga kauri ba, minti nawa?"

Mai walda ya ce, "Rabin awa, in hannunka bai rawa. Kai kuma me ya kawo tambayar, ko banki za ka buɗe?"

Aka yi dariya. Direban bai yi ba. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ni dai a ganina mutumen nan ba ɓarawo ba ne. Abinai ya ɗauka."

Wannan maganar ce ta bi ni har gida. Na san abin da kowa a ɗakin ya sani amma bai haɗa ba: kafilin direban, wato Balaraben da ya ɗauko shi aiki, yana riƙe da fasfonsa a akwatin ƙarfe a wani ƙaramin ofis a unguwar Al-Badi'a. Na gaya wa kaina cewa zato ba hujja ba ne. Amma na buɗe littafina na rubuta rana da sa'a da ainihin kalmominsa, na ja layi a ƙasa.

Ranar Litinin na bi ta shagon mai walda, wai don in gaishe shi, abin da ban taɓa yi ba. Cikin hira ya ce direban ya ari na'urar huda ƙarfe da baki biyu sababbi, zai gyara ƙofar ɗakinsa. Na san ƙofar ɗakinsa. Ta katako ce. Ranar Laraba kuma na ga ɗaya daga cikin 'yan Damagaram ɗauke da butar shayi da bargo, ya ce direban ne ya ba shi kyauta, har da fankarsa ya ba ɗan'uwansa. Mutumin da zai kwana a ɗaki a Riyadh ba ya kyautar da fanka.

Na kai wa abokina maganar. Ya ce, "Haba Malam, ka cika zato. Fim ne fa aka kalla. Kai ko limami ya yi tari sai ka rubuta."

Na ce, "Idan aka kama shi, tambaya ta farko ita ce a ina ya koya. Ta biyu, wa ya fassara masa."

Abokina ya fara jujjuya zobensa.

Zan faɗi gaskiya, ba direban na fara tausaya wa ba, kaina na fara ji. Shekara ashirin da biyu babu ɗigon tawada a kan iƙamata, takardar zaman da ko tarar hanya ba a taɓa rubuta mata ba. Saura shekara biyu in koma gida da mutuncina. Sai na yanke shawarar rubuta wa manajan kafilin wasiƙar gargaɗi, ba tare da sa hannu ba. Na san abin da za ta jawo: kafin faɗuwar rana za a kama direban.

Na rubuta ta sau uku. Ta farko ta yi tsawo. Ta biyu na yi kuskuren harafi a layi na huɗu. Ta uku ta fito tsaf, sai dai da na karanta ta na ga wani giɓi. Ban faɗi ranar da za a yi abin ba, domin ban sani ba. Malaminmu na mishan yakan mayar mana da duk rahoton da babu rana da sa'a a cikinsa, ya rubuta da jan alƙalami cewa wannan tsegumi ne. Hannuna ya ƙi naɗe ta. Saboda haka na aika a kira mini direban ranar Alhamis bayan la'asar, ba don in cece shi ba, sai don in cike giɓin.

Ya zo saura minti biyar lokacin da na sa masa ya cika. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni. Wasiƙar tana kan tebur a buɗe tsakaninmu; ba ya karanta Turanci.

Na ce, "Ƙofar ɗakinka ta katako ce."

Ya ce, "Haka ne, Baba Malam."

"Ina na'urar?"

"Tana but ɗin mota."

"Yaushe?"

"Gobe. In maigadi ya tahi Juma'a."

Ga rana, ga sa'a. Alƙalamina yana hannuna. Amma na yi masa tambayar da ba ta cikin lissafina, na ce don me. Ya ce mahaifiyarsa ce kwance a Maraɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Wata bakwai yana roƙon kafilinsa ya ba shi fasfo ya je ya gan ta, kullum amsar ɗaya ce: bukra, gobe.

Na ce, "Ka san fasfo ba ya fitar da kai ƙasar nan sai da bizar fita, ita kuma sai kafilin ya yarda?"

"Na sani. Na ce ko sun kama ni su kore ni gida, ai gidan nike nema."

"Ba da kora ake fara wa ɓarawo ba a nan. Ka san da abin da ake farawa."

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya. Na ce akwai ofishin ƙwadago, doka ba ta ba kowa ikon riƙe fasfon ma'aikaci ba, takardar ƙara shafi ɗaya ce tak. Me ya hana shi bin hanya kamar mai hankali?

Ya ɗago kai a karo na farko. "Na zo wurinka sau biyu, Baba Malam."

Na ce ban tuna ba.

"Na farko ka ce takardar kwangilata ta yamutse, har da tabon mai, in tahi in kawo mai tsabta. Na biyu maigida ya tsaida ni a hanya, na makara da minti ashirin, ka ce lokaci ya wuce."

Sai na tuna. Na tuna har da yadda na riƙe takardar da yatsu biyu.

Ya sa hannu a ƙirjin rigarsa ya fito da wata leda. A ciki takardar nan ce. Ta miƙe sumul, tabon man ya dusashe, gefe ɗaya ya ɗan yi ja.

"Na sa mata dutsen guga," in ji shi. "Tun watan azumi take nan. Na kasa dawowa na uku."

Ya nuna wasiƙar da ke kan tebur, cikin ladabi, ya ce ko ya katse mini wani aiki ne. Na ce a'a, ta wani ce da bai cika sharuɗɗa ba. Na yaga ta gida huɗu a gabansa. Na sa shi ya ɗauko na'urar daga mota, ni da kaina na mayar wa mai walda, wanda ya dube ni ya dubi na'urar bai yi tambaya ba. Sannan na dawo na zauna, a kan takarda ta gaba a littafin nan, na rubuta ƙararsa da Larabci. Sau ɗaya na rubuta ta. Akwai wata kalma da na goge na gyara a layi na shida, na bar ta haka.

Ranar Juma'a ban sake shi ba. Tare muka tafi masallaci, na tsaya kusa da shi a sahu, domin har lokacin ban gama yarda da shi ba. Ranar Lahadi na nemi hutun rabin yini, na farko tun da na kama aiki, na raka shi ofishin ƙwadago.

Yau idan na tuna, ba zaton da na yi ne ke ba ni kunya ba, domin zatona daidai ya fito, kuma har gobe ina lura da wurin da mutum ya ce a mayar masa a fim. Abin da ke damuna shi ne na ƙirga bargo da fanka da bakin na'ura, na haɗa su tsaf, amma ban sa kaina a cikin hujjojin ba, alhali ni ne na farkonsu. Kuma ba tausayi ne ya tsayar da wasiƙar nan ba, giɓin kwanan wata ne. Ban taɓa gaya masa abin da ke rubuce a cikinta ba. Har yanzu ba na son takarda a yamutse, wannan ba zai canza ba a shekaruna. Sai dai idan an kawo mini ita, nakan karɓa in danne ta da ƙamus, in ce wa mai ita ya zauna.

An kira kafilin sau biyu. Bayan kwana goma sha tara ya miƙa fasfon, aka buga bizar fita. Direban ya isa Maraɗi ya tarar da mahaifiyarsa da rai, ya yi jinyarta wata biyu, shi ya sa ta a kabari. Bai dawo Riyadh ba.