Kwalba Mai Lamba Ɗaya

Ka taɓa warware 'yar takardar da ake ninkewa a cusa cikin kwalin magani, ka karanta ta har ƙasa? Alice Yamusa tana karanta kowacce. Ga dalili.

A shekarar da gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, wani masanin magunguna, Dakta Datti, ya biyo ayarin da akwatuna goma sha huɗu da na'ura guda. Ya buɗe ɗan ɗakin gwaji a wajen Idu, ya ɗauki Alice, 'yar manomin doya daga Karu, ta riƙa wanke kwalabe tana rubuta sakamako. Abin da yake nema shi ne awa nawa hanta take ɗauka kafin ta narkar da wani maganin hawan jini. A fitsari ake gane haka.

To, wa zai miƙa wa baƙo fitsarinsa? Sati uku Alice tana bin gida-gida, ba ta samu ko ɗigo ba. Sai ta roƙi mahaifinta, Baba Yamusa, wanda dama Dakta ya ɗora a kan maganin, ƙwaya biyu kullum. Tsohon ya miƙa kwalbarsa a gaban mutane yana dariya. Ita ce lamba ɗaya. Cikin wata huɗu aka tara ɗari uku da shida.

Yawancin mutane, bayan awa takwas maganin ya bar jikinsu. Na Baba Yamusa kuwa, an hana shi sha don gwaji, har awa talatin yana nan. Alice ta sake awon sau uku. Ta san ma'anarsa: ƙwayar jiya ba ta fita ba ake ɗora ta yau. Ga shi kuma tsohon ya fara dafa bango idan ya miƙe.

"Oga," in ji ta da Hausarta ta Karu, "maganin yana taruwa a jikin Baba. A rage masa."

Dakta bai ɗaga kai ba. "Ke da kika kasa wanke kwalba, yau ke ce likita? Ɗaya cikin ɗari uku ba sakamako ba ne, dauɗa ce."

"Kwalban yana da tsabta, Oga. Ni na dafa shi."

"Kwalbar ake cewa. Ki fara gyara bakinki kafin ki gyara mini aiki."

Ya ja biro ya soke layin Baba a littafin sakamako.

A gida ta ɓoye rabin ƙwayoyin a tukunya. Baba ya gano, ya yi mata faɗa. "Mutumin da ya taso tun daga Legas, shi ne bai sani ba, sai ke? Kada ki ba ni kunya gaban oganki." Ya ci gaba da shan biyu. Kwana goma sha tara bayan haka, jiri ya kwashe shi yana tsakar tada kunyar doya, kansa ya bugi dutse. Da hantsi aka same shi, rai ya yi halinsa.

Dakta ya zo gaisuwa a farar mota. Ya zauna minti shida. Da zai tashi ya ce wa Alice, "Littafin sakamakon yana wajenki?" Ta ba shi. A ciki ya tarar da wasu mutum tara da ta yi wa alama da jan biro bayan ranar da ya soke layin, duk masu jinkiri irin na Baba. Ƙarshen watan aka ce mata an rage ma'aikata.

Bayan shekara biyu takardar bincikensa ta fito, shafi goma sha ɗaya, a kan mutanen da hantarsu ke jinkirin narkar da maganin. Masana sun ambace ta sama da sau ɗari tara. An ƙara layi biyu na gargaɗi a takardar cikin kwalin maganin. A shafin godiya ya gode wa matarsa da kamfanin na'urar. Baba Yamusa yana ciki a matsayin "lamba 1". Alice ba ta ciki.

Yanzu a wani kemis take aiki a Mararaba. Duk tsohon da ya zo sayen maganin hawan jini sai ta tambaye shi, "Baba, kana jin jiri in ka tashi?" Mai kemis yana ƙorafin tana ɓata minti biyu a kan kowane mutum. Ba ta daina ba.

Kai ma gwada yau. Warware takardar maganin da tsohonka yake sha, karanta gargaɗin, sannan ka yi masa tambayar Alice. In ya ce e, kada ka rage masa da kanka. Kai shi wajen likita, kuma kada ka tashi sai an saurare ka.