Jirgin Abdussamad da Farin Saƙin Hajiya Ƙaltume

Duk wanda ya san lungunan unguwar Harra ta Gabas a Madina ya san gidan Abdussamad, ko da bai san sunansa ba. A ce masa gidan Mai Jirgi, zai nuna da yatsa. Abin dariyar shi ne Madina ba ta da teku, ba ta da ko kogin da kwale-kwale zai bi, amma ga mutum ya cika ɗaki guda da jiragen ruwa na yaƙi irin na da, masu tafiya da iska, mafi girmansu bai wuce tsawon tebur ba. Shi kansa ko iyo bai iya ba. Ranar da ya taɓa shiga jirgin masunta a garin Yanbu na bakin teku, amai ya yi ta yi har suka gaji suka dawo da shi.

Direban bas ne, ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Madina da Yanbu. A can ya fara ganin ɗan ƙaramin jirgi cikin gilashi a tagar wani ofishin masu dakon kaya, ya tsaya kallo har fasinjoji suka fara danna masa ham. Tun daga ranar cutar ta kama shi. Da ya yi ritaya sai ta zama ita ce aikin. Yakan yanka katako siriri kamar ɓawon albasa, ya tanƙwara shi a tururin butar shayi, ya jera ɗaya bayan ɗaya har cikin jirgi ya fito. Igwa yakan yi ta da tagulla. Zaren da zai zama igiya sai ya goge shi da kakin zuma don kada ya yi gashi, sannan ya ƙulla da hantsaki. Zafin Madina kan tsaga masa katako, shi ya sa kullum akwai kwanon ruwa a kusurwar ɗakin. Matarsa Wafa takan ce jiragen sun fi ta samun kulawa, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Mahaifiyarsa, Hajiya Ƙaltume, a gidansa take zaune, idonta ya daɗe da tafiya sai dai ta bambance haske da duhu. Abdussamad ɗan farinta ne, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, Direba take ce masa, kuma ba ta doguwar hira da shi. In tana da magana, sai ta faɗa wa Wafa yana zaune a wurin. Hajiya da ƙafa ta zo ƙasar nan tana yarinya, riƙe da zanen uwarta, daga wani ƙauye na ƙasar Kano, ta Cadi, ta Sudan, har suka tsallake teku. Shi kuwa nan aka haife shi. Yana saurayi ba ya son a tayar da labarin wannan tafiya, don yaran makaranta sun sha tsokanarsa da asalinsa. In ta yi masa Hausa sai ya mayar da Larabci. Da haka ya girma ya san sunan kowace igiya a jirgin Turkawa, bai san abin da ke cikin akwatin uwarsa ba.

Jirgin da ya fi ci masa rai shi ne wani na yaƙin Daular Usmaniyya ta Turkawa, mai hawa uku. Ya yi shekara da shekaru a kansa, komai ya kammala sai shira'i, wato ƙyallayen da iska ke turawa. Nan aikin ya cije. Yadin kasuwa ƙyalli gare shi, ko ya jiƙa shi da shayi sai ya fito kamar labulen otal. Kuma shira'in gaske falle-falle ake haɗa shi, masu wannan sana'a da fensir suke zana layukan, shi kuwa yana ganin zanen fensir ha'inci ne.

Ana nan sai Hajiya ta tafi unguwar Jurf wajen 'yarta Ikram, wadda aka yi wa haihuwar jika. Na'urar sanyaya ɗakinta ta fara yoyo, Wafa ta kira shi ya janye tsohon akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashi. Ya buɗe don ya ga ko ruwa ya shiga. A can ƙasa, naɗe cikin tsohon zane, ya ci karo da wani farin saƙin hannu. Shekaru sun laushe shi, sun mayar da shi launin madarar da ta sha wuta. Siraran falle ne, kowanne bai fi faɗin yatsa biyu ba, an haɗa su da ɗinki ƙanana. Abin da ya yi shekaru yana nema ke nan, har layukan an yi masa su.

Wafa ta ce ya bari Hajiya ta dawo ya tambaye ta. Ya ce tsummokaran tsofaffi ne, ita kanta ta manta da shi, kuma ɗan kaɗan zai ɗiba daga gefe. Kowa ya san yadda ɗan kaɗan yake a hannun mai sha'awa. Jirgi mai turaku uku ba ƙaramin ƙyalle yake ci ba, wasu kuma suka lalace ya sake yankawa. Ya tsoma su a ruwan shayi, ya kalmashe bakinsu, ya bi su da igiya. Guntayen da suka rage ya goge gam da su ya zubar. Kafin Hajiya ta dawo, kusan rabin saƙin ya hau jirgi, kuma gaskiya jirgin ya yi kyau.

Mutum na farko da ya kira ya gani shi ne Malam Sulaiman, wani mai haɗa magunguna ɗan Najeriya da ke aiki a wani asibiti, wanda suka saba a masallaci. Sulaiman ya zagaya jirgin yana ta masha Allah, sannan ya nemi izini ya taɓa ƙyallen. Ya murza shi tsakanin yatsunsa, ya ce wannan ai saƙin gida ne, zaren ma kaɗin hannu ne, yanzu ko a Kano sai an tona. Ya tambayi inda ya samo. Da ya ji daga akwatin Hajiya ne, sai ya janye hannunsa a hankali.

"Abu Tahir," ya ce, don da sunan babban ɗansa ake kiransa, "a wajenmu irin wannan tsofaffi ke ajiyewa a ƙasan akwati. Kayan tafiya ne. Likkafani nake nufi."

Abdussamad ya yi dariyar yaƙe, ya ce a Madina wa ke ajiye likkafani, ai a wajen wankan gawa ake bayarwa. Sulaiman bai yi musu ba, ya sha shayinsa ya yi sallama. Amma maganar ta zauna. Abdussamad ya koma ya buɗe ragowar saƙin, ya ga ƙullin turare da ke naɗe a ciki wanda a da bai kula ba, ya ga yadda aka naɗe shi daban da sauran kaya. Mutum mai furfura, mai jikoki, ya yanka likkafanin uwarsa ya yi wasa da shi.

Da a nan ya tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Amma kunya muguwar mai ba da shawara ce. Maimakon ya je Jurf ya durƙusa, sai ya tafi kasuwa ya sayo farin yadi mafi tsada, ya wanke shi ya goge, ya naɗe da turaren ya mayar ƙasan akwati, ragowar saƙin kuma ya ɓoye a ɗakin jirage. Ya ce a ransa ai ba ta gani. Wafa ta dube shi kawai ta ce ita babu ruwanta, ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Hajiya ta dawo. Kwanaki suka yi ta tafiya, shi kuwa abinci ya daina yi masa daɗi. Ko tari ta yi sai gabansa ya faɗi, kada Allah Ya ɗauke ta a kan wannan ha'inci. Ɗakin jiragen ma ya daina shiga.

Ashe duk shekara in azumi ya gabato, Hajiya takan sa Wafa ta janyo mata akwatin, ta fitar da ƙullin saƙin ta sha masa iska, lokacin da maza ba sa gida. Ita Wafa ba ta taɓa ganin an warware shi ba, don fita take yi ta bar tsohuwa da kayanta. Bana kuwa yana gida, yana tsakar falo bayan la'asar, ya ji ƙarar murfin akwati. Sannan ya ji muryarta, ba ta ɗaga ba, tana ce wa Wafa a kira mata Direba.

Ya same ta zaune a kan darduma, yadin kasuwa a cinyarta. Ba shi ta fuskanta ba, Wafa ta fuskanta.

"Ki tambaye shi, ina kayana?"

Ya buɗe baki Larabci ya taho, ya haɗiye shi. Da Hausarsa mai ɗingishi ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba, har da yadin da ya sayo. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya gode mata ya shige.

Hajiya ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce a kai ta ta ga jirgin. Ya riƙe hannunta har ɗakin da ba ta taɓa shiga ba, ya ɗora yatsunta a kan shira'in. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana shafa ɗinkin. A tsaye a wurin ta ba Wafa labarin da shi ya ƙi saurara tun yana yaro. Ta ce a zamaninsu duk mai niyyar tafiya gabas da likkafaninsa yake fita, don hanya tana cin mutane. Innarta ce ta kaɗa zaren da hannunta, ta kai wa masaƙi, aka yi guda biyu. Mutane suka ce ta yanka na yarinya daidai yarinya, a rage kaya. Inna ta ƙi. Ta auna da tsayin kanta, ta ce 'yarta ba za ta mutu a hanya ba, sai ta girma ta tsufa. Da suka iso Makka ta wanke su da zamzam. Na Inna yana maƙabartar Baƙi'a tare da ita.

"Jirgin da ya tsallako da mu bai kai wannan kyau ba," ta ce. "Buhu ne aka yi masa faci da shi." Ta sauke hannunta. "Ki ce masa hannun da ya yanka shi zai ɗinke. Ni ba ni da ido."

Washegari ya fara sauke shira'in. Igiyoyin da ya ƙulla da hantsaki ya bi su yana kwancewa, ya warware kalmasar, ya wanke ƙyallayen. Launin shayi ya ƙi fita gaba ɗaya. Kullum bayan la'asar sai ya ɗauki allura da madubin ido ya zauna a bakin dardumarta, yana haɗa yanki da yanki, falle ya dace da falle. Duk ɗinkin da ya gama sai ya miƙa mata ta shafa. In bai yi mata ba ta ce a warware, ya warware ya sake. A wannan zama ne ya ji sunan ƙauyensu, da sunan masaƙin, da yadda suka yi shekaru suna tsinkar auduga a Sudan kafin su ga teku. Har yanzu dai Wafa ake ba labarin, ko da Wafa tana kicin.

Ana saura kwanaki kaɗan salla ya gama. Ya shimfiɗa saƙin a ƙasa, ya ga abin da ya daɗe yana tsoro. Guntayen da ya goge gam da su ba za su dawo ba, kuma kowane ɗinki ya ci nasa. Saƙin ya ragu da fiye da taƙi guda. Ya tsuguna a gabanta.

"Ummi, bai cika ba. Na zubar da wasu. Ki yafe mini."

Ta ce a miƙo mata. Ta kama bakinsa, ta auna da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, tana motsa leɓe har ta kai ƙarshe. Sannan ta juyo da fuskarta wajensa, shi kansa, ba Wafa ba.

"Inna doguwa ce, ban taɓa kamo ta ba. Ga shi tsufa ya ƙara rage ni. Zai isa, Abdussamad."

Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba sai ranar. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hannunsa, yana janye saƙin gefe don kada ya ƙara masa wani tabon.

Jirgin yana nan a ɗakin, turakunsa tsirara, igiyoyi kawai. Baƙi in sun zo sukan tambayi dalili, wasu masu sani su amsa da kansu cewa haka manyan gwanaye ke yi don a ga aikin igiya. Abdussamad ba ya gyara musu, ba ya kuma cewa haka ne. Yadin kasuwar da ya sayo yana naɗe a kan shiryayye, ya isa ya yi wa jirgi goma shira'i, har yau bai sa masa almakashi ba.