Ranar da Baba Tsalha Ya Zama Rago

Ku da kuka san Baba Tsalha, wan mahaifina, kun san ba ya gaisuwa da baki kawai. Kana miƙa masa hannu zai cafke kunnenka ya leƙa bayansa, ya ɗaga maka haɓa, kamar mai tayin rago a kasuwar Dakoro. Kaska yake nema. Kiwon ragunan layya ne sana'arsa, kuma a wurinsa mutum rago ne da ya iya surutu.

Ni kuwa tela ne, ko akuya ta harare ni sai na sake hanya. Ranar da muka je gaida surukaina, a gabansu ya tsinto wata ƙosasshiyar kaska daga wuyana. Na daka tsalle har hulata ta faɗa ƙwaryar fura. Ya ce su yi haƙuri da ni, ba ni da nama amma ba na tunkuyi.

Wata damina zazzaɓi ya kayar da shi. Ya sauka, ya dawo, tsoho yana ta ramewa. Na yanke hukunci palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, na sayo magani ina hura hanci, ko gezau. Da ya daina tambaya ko an ba raguna dusa, tsoro ya kama ni sosai. Ya rantse sai dai likitan dabbobi. Muka ɗora shi a amalanke muka je, bawan Allah ya ce shi iyakarsa mai ƙafa huɗu.

A asibiti gwajin palu bai nuna komai ba. Likitar, wata matashiya, duk abin da ta tambaya sai ya ce lafiya lau, don a ganinsa namiji ba ya kai ƙarar jikinsa. Ta dube shi, ta dube ni, na faɗa mata sana'arsa, sannan ta ce ya ƙaddara ragonsa ne ya kawo mata ba lafiya, ya faɗi abin da ke damunsa.

Nan take baki ya buɗe. "Wanga rago, ɗiyata, ya bar cin dusa. Jiki zahi, gaɓoɓi ciwo. Kwanan baya an hidda mishi kaska a hammata, mai shi ya murje ta da hannu."

"Mai ragon bai kyauta ba, Baba," in ji ta.

Ta ɗebi jininsa don a auna. Shi ko motsi bai yi ba. Ni da na zo riƙe shi, ni aka yayyafa wa ruwa na farfaɗo.

Aka ce ciwon cizon kaska ne. Ta ba shi ƙwayoyi, ta ja kunnensa ya shanye duka ko ya ji sauƙi. Zazzaɓi na sauka ya ɓoye sauran a buhun dusa, wai raguna ma za su buƙata wata rana. Ciwo ya fara dawowa, na tono ƙwayoyin, ya ƙi sha. Na roƙa, na yi fushi, har kuka na yi da gemuna. Ƙarshe na yi masa yadda yake yi wa dabbobinsa: na maƙale kansa a hammata, na matse muƙamuƙi, na jefa ƙwaya. Ya gantsara min cizo. Kullum haka har ƙwayoyin suka ƙare, ina ɗinkin mutane da yatsa a naɗe.

Ya warke, ya ƙara shekaru yana faɗa wa kowa wani tela ya ci zalinsa. Bai taɓa gode min ba. Sai a ciwon ajalinsa, da aka kawo magani, ya ture hannun ƴaƴansa ya ce a kira ni.

"Kai za ka ba ni," ya ce. "Kai ka iya riƙon abin da ba ka so shi mutu."

Allah ya jiƙan Baba Tsalha, ya riƙe shi da rahamarsa fiye da yadda hannuna ya iya. Amin.