Bulawus Mai Aljihu a Gefen Hagu

Mijina yakan ce riga ya fara gani kafin ya gan ni. A wani biki ne a Zangon Kataf, lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai. Ina cikin ƙawayen amarya, an ɗinka mana anko na wani yadi ruwan ƙwai, tela ya matse nawa a ƙugu har ina tsoron cin shinkafa. Shi kuma yana cikin samarin da ke jera kujeru. Ya ce ya bi rigar da ido tun daga ƙofar coci har gindin mangwaro, sai da na waiwayo ya tuna ashe akwai fuska a samanta. Duk sanda ya ba da labarin nan a gaban baƙi nakan harare shi, amma a raina daɗi nake ji.

Muka yi aure muka zauna a Kafanchan, ni ina koyarwa a firamare, shi yana aikin ofis. Malama yake kirana, ko a gida. Yana da wani hali da na daɗe ban gane kansa ba. Ranar Lahadi da safe sai ya riga kowa shiryawa, ya zauna a bakin gado yana kallona ina sa kaya. Fitowata daga wanka ba ta cika ɗauke masa hankali ba. Amma da zarar na ɗauki zane na fara ɗaurawa, sai ya ajiye rediyonsa. Shi ke ja mini zif ɗin bulawus, kuma bai taɓa ja da sauri ba. Sau da yawa mukan isa sujada an riga an gama waƙar farko, yara suna ta ƙunƙuni a bayanmu.

Na haura arba'in, yaranmu uku sun tasa, sai na ji wani abu mai tauri kamar ƙwayar gurjiya a nonona na hagu. Na yi ta shafa mai ina addu'a, bai tafi ba. Daga asibitin garinmu aka tura mu Jos, a can likita ya ce sankara ce, kuma sai an cire nonon gaba ɗaya. Mijina ne ya fara cewa, "A cire, likita. Ranta muke so."

Da muka dawo gida, ƙanwata ta ce za ta taho daga Sabon Tasha ta yi jinyata. Ya ce ta zauna ta kula da iyalinta, shi ne ya tsaya a gaban ikilisiya ya yi alkawari, shi zai cika. Ya ɗauki hutu a wurin aiki. Kowace safiya ya dafa ruwa, ya sirka, ya kai bayi, ya zaunar da ni a kan 'yar kujera, ya wanke ni tun daga wuya har tafin ƙafa. Ya koyi canja bandeji a wurin wata nas. Ya san launin ruwan da ke fita daga ciwon, ya san wanda ke nuna sauƙi da wanda za a koma asibiti dominsa. Da aka fara mini allurar nan mai zubar da gashi, shi ke riƙe roba ina amai, shi ke share gashin daga kan matashi kafin in gani. Gwaten acca kaɗai cikina ke karɓa, sai ya je wurin maƙwabciya ta koya masa.

Matan zumunta na cocinmu in sun zo gaisuwa sukan tarar da shi yana wanke zannuwana a tsakar gida. Sai su ce, "Kai, Mama, Ubangiji ya ba ki miji." Gaskiya suka faɗa. Har yau ban ga namijin da ya yi wa matarsa abin da ya yi mini ba.

Na warke a hankali. Ciwo ya rufe, ya bar tabo dogo daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata. Gashi ya fito, gajere mai laushi kamar na jariri. Da na ji ƙarfi, na tafi kasuwa wurin Hajiya, telar da ke mini ɗinki tun ina amarya. Kakanninta ma a kasuwar nan suka yi ciniki. Ta ja labule, ta sa awo a ƙirjina, ba ta yi salati ba, ba ta ce sannu ba, kuma na gode mata da hakan.

"Ba ke ce ta farko ba, Malama," in ji ta. "Aljihu zan yi miki ta ciki, a gefen hagu. Mu yanka soson katifa daidai da ɗan'uwansa, mu naɗe shi da yadi mai laushi. In kin wanke bulawus sai ki cire."

"Ba za a gane ba?"

"Wa zai gane? Sai wanda ya taɓa."

Ta ɗinka mini uku. Na sa na farko, na leshi mai launin sararin sama, ranar da na koma coci. Na rame, ƙuguna ya dawo kamar na 'yan mata, na ɗaura gwaggwaro babba don ya rufe gashin. Mijina ya riga ni fita, yana goge mota. Da na fito ƙofa ya ɗago kai, tsumma ya tsaya a hannunsa. Na san wannan kallon. Na yi shekara guda ban gan shi ba, har na fid da rai, sai ga shi. A cikin sujada ma na kama shi yana leƙo ni daga layin dattawa.

Bayan an tashi, yara suka wuce taron matasa. Muka dawo gida mu biyu, rana tsaka, hadari yana haɗuwa ta wajen dutsen Kagoro. Ya rufe ƙofa, ya kama hannuna, ya ce, "Malama, yau kin kashe ni." Na yi dariya irin wadda na manta ina da ita. Ya zare mini gwaggwaron, ya juya ni, ya sauke zif ɗin a hankali.

Bulawus ya sauka da sosonsa a ciki. Na juyo.

A gabana fuskarsa ta canja. Ba ƙyama ba ce, da ƙyama ce da na san abin da zan yi da ita. Ya ɗan sunkuyo, ya sa yatsu biyu a bakin tabon, ya danna kamar yadda nas ta koya masa.

"Nan ya ɗan yi ja," ya ce. "Leshin ne ke goge ki? Yana miki zafi?"

"Ba ya zafi."

"Kin sha na rana kuwa?"

Na ce ban sha ba. Ya ɗauki zane ya yafa mini a kafaɗa, wai iskar ruwa ta taso kada sanyi ya kama ni, ya fita ɗebo mini ruwan shan magani. Na zauna a bakin gado ina jin ƙarar kofi a kicin.

Na ce wa kaina ranar farko ce. Na gwada dabaru iri-iri, wasu ma kunya ba za ta bar ni in rubuta su ba. Na sayi rigar barci mai santsi wadda ba sai an cire ba. Na bar bulawus ɗin a jikina. Shi ma ya yi ƙoƙari, na shaida. Amma hannunsa ya san inda nama ya ƙare da inda soso ya fara, in ya kai wurin sai ya janye kamar ya taɓa tukunya a kan wuta, daga nan kuma komai ya mutu. Sai ya rungume ni yana shafa mini baya, irin shafar da ake yi wa yaro mai zazzaɓi.

Wata ranar Asabar muna ɓarar gyaɗa a baranda na tambaye shi kai tsaye.

"Baban yara, na zama abin ƙyama ne?"

"Haba, Malama. Wace irin magana ce wannan?"

"To mene ne? Faɗa mini. Na ɗauki maganar likita, zan ɗauki taka."

Ya daɗe yana murza gyaɗa ɗaya a hannu. Sannan ya ce, "In kin yi kwalliya kin fito, zuciyata takan buga kamar dā. Har fiye. Amma in na ga jikinki, warin asibiti nake ji. Ina ganin ranar da na ɗauke ki a bayi kin suma, na ɗauka kin tafi. Jikin nan na wanke shi ina kuka, ina roƙon Allah kada ya zama wankan ƙarshe. Ban san yadda zan koma in kalle shi da wani ido ba. Na yi addu'a a kai. Ban san yadda ake yi ba."

Hawaye na zuba a fuskarsa. Ni ce ma na koma ba shi haƙuri.

A ƙauyenmu, can wajen Gwantu, akwai ƙanwar kakata, tsohuwa tukuf, ita kaɗai ta rage a tsararsu. Na kai mata gishiri da sabulu lokacin hutun makaranta. Na same ta a inuwar rumbu tana tsince wake, zane a ƙugu, ƙirji a buɗe kamar yadda ta saba in zafi ya yi. Da yarenmu muka yi magana. Ta ce an gaya mata an yanke mini nono, in nuna mata. Na buɗe. Ta duba, ta shafa tabon da babban yatsa, ta ce wanda ya ɗinka ya iya aiki. Sai na samu kaina ina gaya mata abin da ban gaya wa fasto ko ƙanwata ba.

Ta yi dariya har da tari.

"Mu da muka tashi da ganye gaba da baya," ta ce, "wa ya damu da nono? Abincin yaro ne. Kowa na ganinsa a gona, a rafi, a kasuwa. Samari tafiya suke kallo, da wuya, da yadda yarinya ta shafa mai. Mijina ya san jikina tun muna yara, bai taɓa tsayawa ba. Ranar da 'yan mishan suka ba mu zane na ɗaura har ƙirji, ranar ya biyo ni har bakin rafi yana tuntuɓe. Namiji abin da aka ɓoye masa yake bi. Rufe, 'yata. Ki rufe ki hana shi gani."

"Kaka, na rufe. Amma ya riga ya san abin da ke ciki. Shi ya wanke, shi ya ɗaure."

Ta koma kan wakenta. Can ta ce, "Da kin bar ƙanwarki ta yi jinyar."

Na yi ta juya maganar a mota har Kafanchan. Da ƙanwata ce ta yi, da wataƙila ina da miji irin na dā, mai jiran a buɗe masa. Da kuma ban san cewa akwai mutumin da zai durƙusa a bayi ya wanke mini ƙafa ba. An ba ni ɗaya, an karɓe ɗaya, ba a tambaye ni wanda nake so ba.

Abin haushi, maza a waje ba su daina kallo ba. Ɗinkin Hajiya yana zama a jiki. Wani sabon malami da aka turo makarantarmu, wanda matarsa ta rasu, ya riƙa tsayawa a ƙofar ajina yana neman alli alhali akwai a aljihunsa. Wata rana ya ce, "Madam, ke kam ba kya tsufa." Na ji maganar har cikin ƙashina, ba zan yi ƙarya ba. Na kuma ga inda idonsa ya sauka, a gefen hagu. Na ba shi allin na ce ya gaida yara. Da na shiga aji na rubuta kwanan wata a allo.

A hankali mijina ya koma kwana a ɗakin babban ɗanmu da ya tafi jami'a. Ya ce minsharinsa yana hana ni barci, likita kuma ya ce in riƙa samun hutu. Ban musa ba. Ba mu taɓa faɗa a kai ba. Yana kawo mini lemu da kankana, yana tuna mini ranar komawa asibiti tun kafin in tuna. In na yi tari sau biyu sai ya leƙo.

Bara likita ya duba hotuna da gwajin jini, ya ce babu alamar ciwon, in riƙa zuwa sau ɗaya a shekara kawai. Mijina ya fashe da kuka a ofishin, ya kama hannun likita da hannu biyu. Ya ce sai mun yi godiya a gaban ikilisiya. Muka ɗinka anko, ni da shi da yara, atamfa kore mai zanen ganye. Muka yi rawa daga ƙofa har gaban bagade, matan zumunta suna guɗa, ana kaɗa tulu da kacau-kacau. Fasto ya sa muka tsaya, ya ce wa matasa su dube mu da kyau, wannan shi ne aure. Mai hoto ya ce mijina ya matso ya riƙe ƙuguna. Ya riƙe, hannunsa da ɗumi, ya bar shi a wurin har bayan an gama ɗauka.

Da baƙi suka watse da yamma, na shiga ɗaki. Ya biyo ni har bakin ƙofa ya tsaya, yana kallona cikin atamfar, da wannan kallon. Na kai hannu baya ina neman zif.

"Bari in je in rufe kaji," ya ce, "kafin ruwa ya sauko."

Na jira har na ji ƙarar ƙofar baya. Sannan na cire bulawus ɗin, na zaro soson daga aljihunsa, ya jiƙe da zufar rawa. Na shanya shi a kan taga ta ciki, inda ba a gani daga tsakar gida.