Ranar da Na Taka Hannun Mai Katun

Mu shida ne a shagon ranar, in ba a sa jariri ba. Akwai ni. Akwai aminiyata, maƙwabciyata tun muna amare, wadda ta biyo ni Gummi wai za ta ga mai maganin gwiwa, alhali son gulma ne ya ɗauko ta. Akwai yaron da na je dubawa, dogo, siriri kamar karan dawa, mai neman auren ɗiyar ƙanena. Akwai abokin aikinsa, wani ƙato mai gemu da tumbi. Akwai wata matar aure da goyo, zaune gaban kwamfuta ta ba mu baya. Sai tsohon da suke haya a wurinsa, wanda ba shi da aikin komai a shagon sai shan iskar fankarsu.

Ga abin da ya kai ni. Ɗiyar ƙanen nawa, wadda ni na yaye ta, ta yi karatun kiwon lafiya, tana aiki a wani ɗan asibiti wajen Anka. Can ta haɗu da yaron, lokacin da suka je nuna wa mata katun a kan gubar dalma, wato ƙurar da ke tashi in an daka dutsen zinariya cikin gida. Ta dawo garinmu Nasarawar Burkullu ta ce shi take so. Ubanta ya tambayi sana'arsa, aka ce zane yake yi, 'yan mutane masu motsi da magana a cikin waya. Ya ce gona fa? Babu. Shanu? Babu. Ko injin niƙa? Babu. Ya ce to shi bai haifi ɗiyar da zai ba mai wasan 'yar tsana ba. Yarinya ta daina cin tuwo, uwarta ta daina yi wa miji magana, gidan ya yi tsami. Daga ƙarshe ya zo ya tsuguna ƙofar ɗakina.

"Yaya, ke ke da ido. Ki tahi ki gano. Abin da kinka ce, shi za a yi."

Ya yi hankali da bai tura maza ba. Maza in sun tafi binciken aure limamin unguwa suke tambaya, shi ko liman ban taɓa jin ya ce wane ba ya zuwa masallaci ba. Su sha shayi su dawo su ce yaro mutumin kirki ne. Ni ban aika cewa ina tafe ba. Na zuba ƙuli-ƙulin da nake sayarwa a kwano, na ɗaure da ƙyalle kamar mai zuwa kasuwa, muka shiga mota, hanya ta jijjiga mu har abin da muka karya da shi ya koma wuya.

Muna cire takalma a bakin shagon, abin da na fara gani kwalayen ƙwai ne, an manne su a bango tun daga ƙasa har rufi. Raina ya yi fari. Na ce ashe ƙarya aka yi wa yaron, ƙwai yake sayarwa. Na duba ko'ina, ko ɓawo ban gani ba. Wai don murya ta fita tas aka manna su.

Yana ganina ya gane ni, ashe yarinyar ta nuna masa hotona. Ya zube ƙasa har hularsa ta kusa faɗuwa.

"Goggo, sannu da zuwa. Goggo, an zo lahiya? Goggo, ya hanya?"

Idonsa a ƙasa, hannaye a haɗe, murya kamar ta mai jinya. Wannan bai gaya mini komai ba. Na aurar da 'yan mata da yawa a danginmu, kuma duk wanda ya zo nema haka yake tsugunawa. Wanda ya riƙe matarsa da mutunci haka ya tsuguna. Wanda ya sayar da gadon kwanan matarsa ya tafi haƙar zinariya bai sake leƙo mu ba, shi ya fi kowa iya tsuguno. Namiji in ya san ana kallonsa, ba shi kake gani ba.

Na ce ya tashi ya nuna mini aikin. Ya nuna mini wata akuya a gilashin kwamfuta, wai tun safe yake fama da ita ta ɗaga ƙafa ta ajiye yadda ya kamata.

"Tun sahe?" na ce. "Tawa tana yin wannan kyauta, har ta ba ni taki."

Ya yi murmushi yana kallon tabarma. Ƙaton ya shige bayan wani bargo da aka rataye a kusurwa, sai ga muryar tsohuwa tana tashi daga lasifika, mai kaushi, mai faɗa: "Ke! Wanke hannuwanki kahin ki ba yaron ga nono! Kurma ce ke?" Na waiwaya ina neman tsohuwar. Aminiyata ta dafa ƙirji.

"Wallahi muryarki ce. Har tsakin."

"Ke kuma da wane kunnen kinka ji?"

Ban zauna banza ba, ina ta lura. Na karɓi jaririn matar da ke sa wa zanen launi, na matsa cinyarsa, na ji ta dam. In uwa tana aiki a wuri jaririnta yana da cinya haka, to ana ci a wurin. Na kuma lura mai gidan yana shiga yana fita kamar ɗakin uwarsa, yana raha da su. Mai gida ba ya raha da ɗan hayan da ke sa shi yawon biɗar kuɗin haya. Shi ne ma ya gyara hula ya ce, "Hajiya, in miji kinka zo nema, ga ni nan, ban daɗe da shan maganin baya ba."

"Malam, kai da ba ka da ko fanka?"

To amma ci da biyan haya ba su ne aure ba. Ina zaune ina tunanin yadda zan ga yaron ba tare da ya san ina ganinsa ba, sai ga shi ya ɗauko wani abu daga akwati, riƙe da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Wani tabarau ne mai kauri, baƙi, da igiya ta baya, sak takunkumin jaki. Ya ce in mutum ya sa, sai ya ga kamar ya shiga cikin hoton da kansa, ya duba gabas ya duba yamma. Masu aikin lafiya suke yi wa, don a riƙa sa wa maza masu haƙa su ga inda ƙura take bi.

Aminiyata ta ce ita za ta fara, ita da ba ta tsoron komai. Ana ɗaura mata ta kurma ihu. "Rijiya! Kun sa ni bakin rijiya! Ku riƙe ni, 'yan banza!" Ashe ramin haƙar zinariya aka nuna mata. Matar da ta zo da ciwon gwiwa ta yi tsalle irin wanda ban ga ta yi ba tun muna amare, ta zauna daɓas, kallabi ya yi gefe. Mai gida ya yi dariya har da tari. Yaron ya sunkuyar da kai, amma na ga kafaɗunsa suna rawa.

Sai aka zo kaina. Matar auren ce ta ɗaura mini, don shi ko igiyar bai yarda ya taɓa ba. Duhu ya rufe ni, sa'an nan haske ya buɗe. Amma kafin in kalli abin da suke so in kalla, na lura da wani abu. Wanda ya ƙera takunkumin nan, don masu dogon hanci ya ƙera shi. Nawa hancin irin na ubana ne, gajere, shimfiɗaɗɗe. Tsakanin hancina da bakin abin akwai 'yar kafa, in na runtse ido na duba ƙasa ina ganin tabarma, da ƙafafun mutane, da hannuwansu in sun sauko. Su kuwa duk sun ɗauka na makance.

Na ɗaga kai sama na ce, "Ikon Allah!" don su saki jiki. Suka saki.

Ƙafafun ƙaton na fara gani, sun matso a hankali. Hannunsa ya fito da waya daga aljihu, ya saita ta wajena. Wato in kwana biyu in ga kaina ina yawo a wayoyin yaran Bukkuyum da takunkumi a fuska. Na shirya zagin da zan yi masa, tun daga kakanninsa. Sai wani siririn hannu ya zo ya rufe idon wayar, ya karɓe ta, ya jefa ta cikin aljihunsa. Ƙafar ƙaton ta shuri ƙafar siririn, ta siririn ta rama.

Ƙaton bai daddara ba. Ya durƙusa wajen kwanona, ya kwance ƙyallen da yatsu biyu, ya zaro ƙuli-ƙuli. Siririn hannun ya sake zuwa ya make shi, ƙuli ya koma kwano. Na ce a raina, kai, wannan yaro waliyyi ne, kuma ni ban yarda da waliyyai a gidan aure ba. Hannun ya tsaya kan kwanon. Ya ja baya. Ya dawo. Ya ɗauki guda, babba, ya yi sama da shi. Na ji ƙurus, sa'an nan shiru, yana jiƙa shi da miyau don kada in ji tauna. Hankalina ya ɗan kwanta.

Nan ne na yi sake na kalli hoton. Tsakar gida ce irin tamu, da rumbu, da turmi, da kaji. Na juya, ga tukunya a kan murhu a bayana. An daka dutse a turmin, ƙurar kuwa sun yi mata launi ja don ido ya gan ta, ta kwanta a ƙasa, a bakin randa, a kan faifai. Ga wani yaro tsirara yana rarrafe, yana tafe wajen turmin, yana dangwalar jar ƙasar yana kaiwa baki. Ina da ɗiyar ƙawa a Abare da ta binne yara biyu a shekarun da gubar ta yi tsanani, na je mata gaisuwa, na ga irin wannan turmin a tsakar gidanta. Na san zane ne. Na ga mai gemun da ke muryar tsohuwa, na ga akuyar da ba ta iya ɗaga ƙafa. Duk da haka bakina ya ce, "Ku ɗauke yaron ga!" kuma ƙafata ta yi gaba.

Na sauka kan wani abu mai taushi. Na duba ta kafar hanci. Hannunsa ne, na dama, wanda yake zanen da shi. Ashe a gabana akwai wani fasasshen soket na lantarki da suka jona wayoyi a ciki, ni kuma ba takalmi. Ya kai hannu ya ture shi, bai samu janyewa ba, diddigena ya hau yatsunsa. Diddigen da ya yi noma tun kafin a haifi uwarsa.

Ya kamata in ɗaga. Ban ɗaga ba. Na yi tafiyar nan duka don in ji abin da ke fita daga bakinsa in ya ji zafi, ga shi Allah ya kawo mini har ƙarƙashin ƙafa. Na ƙara sakin nauyina, ina ta faɗin "Ikon Allah, ikon Allah," kaina a sama. Yatsun suka yi fari. Ɗayan hannun ya damƙe gefen tabarma. Na jira ashar, ko tsaki, ko ya fizge in faɗi. Abin da na ji, da murya a matse kamar ta mai ɗauke da buhu, shi ne:

"Goggo, a hankali. In kin ɗan matsa hagu, za ki fi ganin rumbun."

Na matsa hagu.

Da aka kwance mini, ya koma tsugunonsa, hannun dama a ɓoye bayan riga, gumi na bin wuyansa. Ya ce, "Goggo, ya kinka gani?"

"Yaron ga na ciki, ina uwarsa?"

"Ba mu zana ta ba tukuna."

"To in za ku zana, ku zana mai hankali. Kai kuma goge bakinka."

Ya kai hannun hagu ya shafo ɓurɓushin ƙuli. Ban taɓa ganin baƙin mutum ya canja launi haka ba. Ƙaton ya shige bayan bargo, muka ji dariyarsa tana fita ta lasifika.

A mota aminiyata ta dame ni. "To? Mi kinka yanke? Ni dai ban ga abin aure ba ga mutumin da ya jefa ni rijiya." Na ce ta bar ni in ji da ramukan hanya. Ita in ta ji magana da la'asar, kafin magariba an ji ta a Adabka.

Washegari, bayan sallar asuba, na tare ƙanena a zaure ya saɓa fartanya zai tafi gona. Yarinyar tana shara a tsakar gida, wuri ɗaya take ta sharewa kusa da ƙofa.

"Ka ce su turo manyansu," na ce.

"Yaya, mai zanen? Mi kinka gani?"

"Ba ya da gona, ba ya da naman jiki, kuma ɓarawon ƙuli ne. Ka ce su turo."

Tsintsiya ta faɗi a tsakar gida. Na leƙa na ce ta ɗauka ta ƙarasa sharar, ba a ɗaura ba tukuna. Daga nan na koma ɗaki, na zuba ƙuli-ƙuli cikin leda, na zaɓi manya, na haɗa da ɗan man kaɗanya a gwangwani. Na taka har tasha na ba direban Gummi, na kwatanta masa shagon mai kwalayen ƙwai. Ya ce wa zai ba a cikinsu? Na ce ya duba hannuwansu, ya ba wanda nasa ya kumbura.