Sunan da Mutuwa Ba Ta Gane Ba

Sunan gidanmu na Turawa ne, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Tun ina firamare ake tsokanata da shi, ban taɓa damuwa ba sai a Alƙahira, shekarar da na ga wadda nake so in aura.

Mahaifinta dattijo ne cikin Hausawan Sudan da ke unguwar Arba wa Nus. Ranar da na je gaishe shi ya sa aka kawo shayi, ya tambayi sunan kakana. Ina faɗa ya ajiye kofi.

"Yaro, mu ba ma ba da 'ya sai mun san asali. Bature ya shiga gidanku ne? In ya shiga, ta wace ƙofa?"

A motar komawa masaukina a Madinat Nasr na duba waya. Ashe ko a Ingila sunan ya kusa ɓacewa, na wasu 'yan gidaje ne a wani ƙauye. To me ya kai shi garinmu? Zuciyata ta ba ni amsar da ba na so.

Na kira Gwaggo, yayar babana. Ta yi dariya har da tari.

"Kai, ja'iri! Kakar tawa kake zargi? Wabi ta yi ta yi, duk ɗan da ta haifa ba ya kai yaye. Da aka haifi Baba, wato kakanka, lokacin wani Bature mai allurar shanu ya sauka a garin. Sai ta ce a riƙa kiran jaririn da sunansa, in mutuwa ta zo neman ɗan Bahaushe ta ji baƙon suna ta wuce. Baturen nan ko ƙeyarsa ba ta taɓa gani ba."

Na san camfi ne, da a aji ne ma har hujja zan kawo. Amma ranar ji na yi kamar an sauke min buhun gero daga ka.

Na koma na kwashe labarin na faɗa wa dattijon. Ina gamawa ya ɗaga gefen rawaninsa, sai ga kunnensa na hagu da tsohuwar tsaga.

"Ni ma ɗan wabi ne," ya ce. "Tawa uwar ba ta samu Bature ba, sai ta kira wanzami ya tsaga min kunne don mutuwa ta ƙyale ni. Khalas, shi ke nan, ɗana. Ka ce wa manyanka su zo."