Lotsawar da Na Sa Aka Cike

Shekara shida motar Baba ta yi a zaune cikin gidanmu na Tudun Wada bayan rasuwarsa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Tsohuwar mota ce mai dogon hanci, irin wadda matasa ke tsayawa su ɗauka a hoto. Da idon Inna ya tafi, sai ta fara cewa tana so ta je 'Yandoto garinsu ta gaida 'yan'uwa, kuma a motar Malam, wato Baba, take so, ba ta haya ba. Na ce to, an gama.

Inji bai ba mu wahala ba. Bambar gaba ce tsatsa ta cinye, kuma duk Gusau babu irinta. Wani dattijo mai gyaran jikin mota ya ce zai ƙera mana sabuwa da faiba, irin robar nan mai tauri. Kwana uku muna gardama a kan abin da zai riƙe ta. Ni na kafe a kan gam mai saurin kamawa, shi ya ce wannan na takalmi ne, rami ɗaya a hanyar Tsafe zai zubar da ita. Ya kawo gam mai kwaɓi biyu, ya ƙara da noti ta ciki. Ya fi ni gaskiya, kuma abin ya ƙona min rai.

Shi ya sa da muka zo kan wata lotsawa da ke jikin motar na ƙi saurarensa. A gefen hagu take, dab da inda bamba ke haɗuwa da jiki, zurfin tafin hannu. Wani bijimi ne ya tunkuyi motar a Kekun Waje, ranar da Baba ya ɗauko Inna daga wankan jegona. Bai taɓa gyarawa ba.

"Alhaji, bar wurin nan," in ji dattijon. "Filar da muke cike rami da ita ba ta son zurfi. Za ta tsage."

"Sabuwar bamba kusa da rami? Haba Malam! Cike shi kawai."

Ya cike. Ya goge da samfefa, ya fesa fenti, wuri ya yi sumul. Wallahi har da taƙama na shigo gida da ita.

Na kamo hannun Inna na kawo ta. Ba ta nufi ƙofa ba. Ta bi hancin motar da tafinta a hankali, ta gangara hagu, ta shafa, ta koma ta sake shafawa.

"Wagga ba motar Malam ba ce."

"Ita ce, Inna. Gyara aka yi."

"To ina wurin da sa ya tunkuya?"

Ashe duk shekarun nan, kafin ta shiga sai ta dafa wurin, ni da idona biyu ban taɓa lura ba. Ta shiga dai, mun je 'Yandoto mun dawo. Ba ta sake neman a fita da ita ba, kuma kafin damina ta zagayo ta rasu.

Bara filar ta tsage kamar yadda dattijon ya faɗa, ta ɓanɓare ta faɗi a hanyar Bunguɗu. Bambar tana nan daram. Lotsawar ta dawo yadda bijimin ya bar ta, kuma ina kewar Inna har ba na iya faɗa. Kullum kafin in shiga sai na dafa wurin, ina ma hannunta ne.